Ambulan ɗin da muka kai Chaza

Edita, ina gaishe ka tare da masu karanta wannan mujalla. Ina roƙon ka ba ni fili in sauke wani kaya da na kusan shekara uku ina ɗauke da shi a ƙirji. Ka yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na firamare na tsaya, in ka ga kuskure ka gyara mini. Ba zan kama sunan kowa ba, wanda abin ya shafa zai gane kansa.

Lokacin da abin ya faru shekarata ashirin da ɗaya, ina goyon 'yata ta fari, watanta bakwai. Muna haya a Kwamba, ciki da falo, a garin nan namu da ake kira Abuja kafin a karɓe sunan a bar mana Suleja. Ni mutum ce mai fargaba tun ina yarinya. In 'yata ta yi tari sau biyu, na riga na ɗauko mayafi zan tafi asibiti. In maigida ya wuce lokacin dawowarsa, na dinga leƙen ƙofa ke nan har ƙafata ta gaji. Amma Allah ya ba ni ido. Ɗinkin hula nake yi, kuma in zare ɗaya ya kauce daga layinsa, ko daga nesa ne sai na gan shi.

Maigidana malamin makarantar sakandare ne, duk unguwa Ticha ake ce masa. Fiziks yake koyarwa. Sau ɗaya ya taɓa gaya mini cewa ilimi ne na sanin yadda haske da wutar lantarki da motsin abubuwa suke aiki, daga nan bai ƙara ba. Ya yi digirinsa na farko a Zariya, kuma burinsa a duniya shi ne ya je Ingila ya yi na biyu. Na sha jin yana gaya wa abokansa a falo cewa sashen da yake nema ba ya ɗaukar mutanen da za su cika ajinsa guda, ga shi kuma masu nema daga ƙasashe barkatai suke, kowa zakara ne a garinsu. Ya ce a irin wannan nema ba sai ka faɗi jarrabawa ba, ɗan kuskure kaɗan a takarda ya isa a ture taka gefe a ɗauki ta wani. Shekara guda kafin nan ya nema, takardunsa suka isa a makare, ko dubawa ba a yi ba. Don haka a wannan karon tun da wuri ya fara. Maƙwabciyarmu ce ta buga masa fom ɗin da tafireta, wata mutuniyar Filato, Kirista, da ke aiki a ofishin ƙaramar hukuma. Madam muke ce mata, ita kuma Maman Bebi take ce mini. Ɗakinta na kallon namu, ita ce ta koya mini yi wa jaririya wanka ba tare da tsoro ba.

A cikin takardun akwai guda ɗaya da ta fi ba shi wahala, wato wasiƙar shaida daga tsohon malaminsa na jami'a, wani dattijo ɗan Indiya wanda aikinsa ya zo ƙarshe, yana shirin komawa ƙasarsu. Sau biyu maigida ya je Zariya kafin ya same shi. Ranar da ya dawo da ita, ko ƙurar hanya bai kakkaɓe ba ya nuna mini. Ambulan ne fari, a manne, dattijon ya sa hannu a kan bakin mannin, rabin rubutun a kan marfi, rabi a jikin ambulan ɗin, ga hatimi a gefe. Ya sa ta a akwatinsa ya ce wannan kam kada in kuskura in taɓa ta. Na tambaye shi me ya sa ita kaɗai ce a rufe alhali sauran duk a buɗe suke. Ya yi dariya, ya ja kumatun 'yarsa, ya ce, "Ba za ki gane ba." Edita, ka riƙe wannan magana, don za mu dawo kanta.

Bayan kwana biyu ya tafi Minna, wajen ganawar neman tallafin karatu na jiha, zai yi kwana uku. Niyyarsa in ya dawo ya karɓi ƙananan hotunansa wajen mai hoto, ya haɗa komai ya kai gidan waya. Washegarin tafiyarsa sai ga Gwaggo daga Bagama. Ita ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, don haka a wurina uwar miji ce. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, na dama fura. Ba ta gama sha ba ta fara. Ta ce abin da ya faru bara ba makara ba ce, hannu aka sa wa ɗanta, don duk garin nan an san zai tafi Turai, kuma ba kowa ke so ba. Ta ce shi ɗan boko ne, ba ya yarda da irin waɗannan abubuwa, amma matar kirki ba ta naɗe hannu ta zauna. Sannan ta dube ni ta gefen ido ta ce ai mata na ta faɗa a gidan suna cewa ni ce ma ba na so ya tafi, ina tsoron a bar ni da goyo a gidan haya.

Wannan magana ta same ni a inda nake da ciwo, don akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Ina tsoron tafiyar. Shekara biyu ba kwana biyu ba ne, ga ƙaramar yarinya, ga ni ban taɓa zama ni kaɗai ba. Amma Allah shaida ne ban taɓa roƙon kada ya samu ba. Na ga cewa in ya sake rasawa, a kaina za a ɗora. Gwaggo ta ce akwai wani malami a Chaza, nan kusa da mu, da ya yi wa ɗan wance aiki har ya samu shiga soja, mu kai masa takardun ya yi musu addu'a, kafin la'asar mun dawo, ba wanda zai sani. Na ce maigida ya hana a taɓa. Ta ce ya hana ni dai, ita da ta wanke masa kashi bai isa ya hana ta ba. Na goya 'yata, na naɗe takardun a cikin sabon ɗankwali, muka kama hanya.

Malamin yana zaune a zaurensa a kan buzu. Ba tsoho ba ne sosai, kuma na lura tun da muka shiga idonsa na kan kazar da Gwaggo ta sa na riƙo. Ya ɗauki takardun ɗaya bayan ɗaya yana gittawa a kan hayaƙin turare, wasu ma a kife ya riƙe su, na gani na yi shiru. Da ya zo kan ambulan ɗin ya juya shi ya tambayi mece ce a ciki. Na ce ita ce wadda maigida ya fi ji da ita, ya ce kada a taɓa. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya gano ɓarawo, ya ce to ai ita ce uwar takardun, kuma abin da aka fi ɓoyo shi maƙiya suka fi nema. Ya ce tofi ba ya ratsa manni, sai an buɗe. Na ce a yi haƙuri a yi mata daga waje. Gwaggo ta ce in rufe mata baki, yaushe aka haife ni da zan koya wa malam aikinsa. Ta zaro tsinken kitso daga cikin ɗaurin kanta, ta zura a ƙarƙashin marfin, ta bi shi a hankali. Ina jin ƙarar takardar tana saɓulewa. Malam ya zaro wasiƙar, ya yi tofi sau uku, ya tsoma yatsa a ƙoƙon rubutu ya ɗiga a kusurwoyinta huɗu. Ya mayar, ya shafa ƙaro ya manne, ya danna da tafin hannunsa, ya ce ko wanda ya rubuta ta ba zai gane an taɓa ba.

Ni kuwa na gane tun kafin ya miƙo mini. Sa hannun dattijon yana da wata doguwar jela da ta taso daga marfi ta gangaro jikin ambulan ɗin. Yanzu jelar ta rabu biyu, ta sama ta kauce wa ta ƙasa da kamar faɗin ƙwayar shinkafa, kuma fatar takardar ta ɗan kwaile a wurin. Na nuna wa Gwaggo a hanya. Ta ce ni dai na cika tsegumi, Bature da ke da takardu dubu a gabansa ina ya ga lokacin duba jela. Da muka dawo na ɗora dutsen guga mai sanyi a kansa don ya miƙe, na shanya sauran a inuwa don ƙamshin turaren ya fita, na mayar da komai yadda na same shi, sai dai ambulan ɗin na kwantar da shi fuskarsa sama, mannin a ƙasa.

Maigida ya dawo da murna, ya ce ganawar ta yi kyau, an ce in jami'ar ta ba shi wuri, tallafin nasa ne. Ranar Juma'a da safe yana sauri kada a rufe gidan waya da wuri, ya ƙirga takardun, ya ga ambulan ɗin a inda ya bar shi, ya zura duka a babban ambulan ba tare da ya juya shi ba. Har ya tsokane ni wai na turare masa akwati, Turawa za su ce daga gidan amarya takardun suka fito. Na yi dariyar da ba ta wuce haƙorana ba. Ya hau kekensa ya tafi, ya yi musu rajista ta jirgin sama.

Ran Lahadi da yamma, bayan Madam ta dawo daga coci, muna zaune a tsakar gida na ɗora shinkafa tana taya ni gyaran alayyafo, sai na yi dabara na tambaye ta, wai me ya sa masu ilimi ke sa hannu a bakin ambulan. Ta ce ai wannan shi ne kwaɗon. Wasiƙar sirri ce tsakanin malami da jami'ar, yana gaya musu gaskiyar halin ɗalibinsa da ƙoƙarinsa, kuma ba a so ɗalibin ya gani, balle ya canja. In suka ga sa hannun ya karye, sun san an buɗe, kuma ba wanda za su zarga sai mai nema. Ta ce a ofishinsu ma haka ake yi, irin wannan takarda kwandon shara ake jefa ta, mai ita kuma a sa masa alamar rashin gaskiya. Duk bayanin nan ta gama shi kafin shinkafata ta tsotse. Na gane shi sarai, ba abin da ya shige mini duhu. Wuƙar da ke hannuna ta faɗi, ta tambaye ni ko lafiya, na ce jiri ne.

A nan ne laifina na gaskiya yake, kuma ba zan ɗora wa kowa shi ba. Na san dattijon nan yana da sauran kusan sati uku a Zariya, don na ji maigida ya faɗa. Da na buɗe baki a ranar, da ya hau mota Litinin ya karɓo wata wasiƙar, ya aika a bayan ta farko. Maimakon haka sai na tafi Bagama washegari. Na gaya wa Gwaggo abin da na ji, ina kuka. Ta ce aikin malam ya riga ya rufe idon duk wanda zai duba. Da ta ga ban gamsu ba sai ta sauya murya, ta ce in na kuskura na faɗa, igiyar aurena ce zan tsinka da hannuna, kuma ita za ta ce ba ta san zancen ba, a ga wanda za a yarda da shi tsakanin uwa da matar jiya. Na dawo gida na ja bakina. Kullum da safe sai in ce yau zan faɗa, in ya dawo in ga fuskarsa a sake sai in ce gobe. Haka sati ukun nan suka ƙare ina kallo.

Wata huɗu muka yi muna jira. Kullum sai ya duba akwatin gidan waya na makarantarsu. Ya sayo wata ƙatuwar kwat mai kauri a wajen 'yan gwanjo, yakan saka ta a cikin zafin bazarar garin nan, ya ɗaure wuya, yana tafiya a falo yana kwaikwayon rawar ɗari, gumi na zuba, 'yarsa na ƙyalƙyala dariya. Ni kuwa abinci ya daina shiga. Na rame har ruwan nono ya ja baya, Madam ta dinga dama mini kunun gyaɗa tana ce mini in daina tunanin tafiyar Ticha, shekara biyu kamar gobe ne.

Ranar da amsar ta zo, ana tsakar rana na ji ƙarar kekensa, alhali ba a tashi makaranta ba. Bai shiga ɗaki ba, a bakin ƙofa ya zauna da babban ambulan a hannu. Mutanen jami'ar sun dawo masa da wasiƙar dattijon. Sun rubuta cewa ta iso musu da alamar an buɗe an sake mannewa, don haka ba za su iya aiki da ita ba, amma in malamin nasa zai aiko musu da wata kai tsaye kafin rana kaza, za su duba. Ranar da suka sa saura kwana goma, don amsar ta daɗe a hanya. Ya buga tangarahu Zariya, aka ce dattijon ya daɗe da tafiya. Ya je da kansa ya roƙi wani malamin da bai san shi sosai ba ya rubuta masa, ta isa bayan an rufe. Wurin ya tafi, tallafin jiha ma aka ba wani.

Rashin wurin bai ci shi kamar zargin ba. Ya dinga maimaita cewa yanzu a can an rubuta shi a matsayin mai buɗe wasiƙar malaminsa, shi da ko satar amsa bai taɓa yi ba tun yana firamare. Yana ta tambayar wa ya taɓa masa takarda. A cikin wannan hali Gwaggo ta zo jaje. Ina tsammanin kunya za ta sa ta yi shiru. Edita, matar nan ta zauna a kan tabarmata, ta sha ruwana, ta dubi ɗanta ta ce ai ba sai an je nesa ba, wa ya riƙe takardun in ban da mai tafireta? Ta ce mutanen nan baƙi ba sa son su ga ɗan gari ya wuce su, dariya a fuska, wuƙa a zani. Maigida ya tuna cewa ya taɓa barin fayil ɗin a hannun Madam yini guda. Bai tsaya ya tuna cewa a lokacin ko Zariya bai je ba, baƙin ciki ya rufe masa ido. Ya tashi ya nufi ƙofarta, Gwaggo na bayansa tana ɗaga murya, 'yan haya suka fito, har mai gidan hayar ya fara cewa shi ba zai zauna da mai hassada a gidansa ba.

Madam ta fito da hannunta duk kumfar wanki. Ba ta yi hayaniya ba. Ta ce ita ba ta taɓa ganin ambulan ɗin ba, kuma ta buga masa fom ɗin ne don tana so ya je. Sai ta waiwayo ta dube ni. Na san a lokacin ta tuna tambayata da wuƙar da ta faɗi, ta haɗa komai. Amma sai ta tsaya ana zaginta a gaban 'ya'yanta, tana rufa mini asiri. Wannan ne abin da na kasa ɗauka. Na fito tsakiya da goyona, na ce, "Ba ita ba ce. Ni da Gwaggo muka kai takardun Chaza, a gabana aka buɗe, da tsinken da ke kan Gwaggo yanzu haka."

Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce ita ina ta san hanyar Chaza, yarinyar nan aljanu sun taɓa ta. Na ce wa maigida ya zaro wasiƙar ya ɗaga ta a rana ya dubi kusurwoyinta huɗu, ya kuma shinshina. Ya ɗaga. Ɗigon rubutun na nan, huɗu cif, sun bushe sun yi ruwan ƙasa. Nan take Gwaggo ta juya zance, ta ce ni ce na je har Bagama ina kuka ina roƙonta ta raka ni, ita tausayi ne ya ja ta. Daga baya ma na ji ta koma wajen malamin, wai ya ce aikinsa bai taɓa faɗuwa ba, matar ce ta shigo masa zaure da shakka a zuciya, shi ya karya shi. Ka ji fa. Wanda ya ce a buɗe ba shi da laifi, wadda ta zura tsinke ba ta da laifi, sai ni da na ce a bari.

Bayan kowa ya watse, maigida ya kira ni falo. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ban ce kada ki taɓa ba?" Ni ma a lokacin zuciyata ta kawo wuya. Na ce, "Ka ce. Na tambaye ka dalili, ka ce ba zan gane ba. Madam ta yi mini bayani kafin shinkafa ta tsotse, kuma na gane." Sannan ya tambaye ni yaushe ne ta yi mini bayanin. Na gaya masa. Ya ƙirga da yatsunsa, ya ce, "Ashe da sauran sati uku kika gane, kika yi shiru."

Bai sake ni ba, kamar yadda aka tsorata ni. Amma wata biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ya je ya durƙusa ya ba Madam haƙuri a gaban mijinta, ni ma na je. Ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe, sai dai ba a yi wata uku ba suka kwashe kayansu suka koma wata unguwa, don ta ce ba za ta iya ci gaba da shanya a igiya ɗaya da mutanen da suka tsaya kallo ana kiranta mai hassada ba. Na rasa maƙwabciyar da ta fi 'yar'uwa. Gwaggo kuwa har yau ba ta ce a yi haƙuri ba. Tana zuwa, ina durƙusawa in gaishe ta, ina dama mata fura, kuma a gidajen suna har yanzu labarin da ke yawo shi ne matar Ticha ce ta hana shi Turai.

Ranar da Madam za ta tashi, na ɗauko wasiƙar daga inda maigida ya jefar da ita, na roƙe ta ta karanta mini da Hausa, don ina so in san abin da muka lalata. Ta zauna a kan ƙullin kayanta ta karanta. Dattijon ya rubuta cewa a duk shekarun da ya yi yana koyarwa a ƙasar nan, ɗalibai kaɗan ya gani irin maigidana, cewa yana gyara na'urorin ɗakin gwaji da hannunsa in sun lalace, kuma in kujera ɗaya ta rage musu, su ba shi ba za su yi nadama ba. A ƙarshe ya ce mutum ne mai amana. Wannan ce takardar da muka ɗauka muka kai a yi wa magani.

Abin da ke ƙona mini rai in na tuna shi ne, kowa a labarin nan ya ɗauke ni marar wayo, kuma ni ma na yarda. Maigida yana tsayawa a gaban 'ya'yan mutane yini guda yana yi musu bayanin abin da ya sa dutse ke faɗowa ƙasa, amma ya kasa ba matarsa bayanin minti biyar a kan takardar da rayuwarmu ta rataya a kanta. Gwaggo ta san inda tsorona yake ta danna shi. Malamin da ko riƙe takarda daidai bai iya ba ya yanke hukunci a kan abin da bai sani ba. Ni kuma da idona ya gani tun a zauren, na bar girman mutane ya rufe mini baki. Ba addu'a nake zargi ba, har gobe ina yi. Amma Ubangijin da ya san abin da ke cikin ƙirji, mannin ambulan ne zai tare masa? Da na yi wa kaina wannan tambaya a hanyar Chaza, da na juyo.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana mata, musamman irina da karatunmu bai yi nisa ba. In aka ba ki ajiyar abin da ba ki san kansa ba, kada kunya ko tsoron surutu su sa ki miƙa shi ga wani, ko wace ce. In kuma kin riga kin yi kuskure, ki faɗa tun da sauran gyara. Faɗan yini ɗaya nake gudu, na sayo na shekaru. Ku kuma maza masu ilimi, ku daina ce wa matanku ba za su gane ba. Gwada mu tukuna. Iyayenmu manya kuma, in kun sa yaro a hanya ta ɓaci, ku tsaya tare da shi, kada ku nemi baƙo ku shafa masa.

Maigida har yanzu yana koyarwa a makarantar nan. Bana ya sake karɓo fom, kuma da ya baje takardun a kan tebur sai ya jawo mini kujera, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gaya mini aikin kowace. Ko za a dace, Allah ne masani, don dattijon da ya san shi ya tafi, kuma irin waccan shaida ba a samunta sau biyu. Kwat ɗin nan tana nan rataye a ƙusa a bayan ƙofa, nakan sauke ta in kakkaɓe in shanya saboda asu. 'Yata ta fara wayo, rannan ta tambaye ni ta wace ce, kuma me ya sa ba a sakawa. Har na buɗe baki zan ce mata ba za ta gane ba. Sai na ajiye ɗinkin da ke hannuna, na zaunar da ita, na gaya mata.